Fuskar Autata Tana Daskarewa A Waya

Assalamu alaikum, mai wannan fili. Don Allah a taimaka mini, na rasa wanda zan tambaya ba a yi mini dariya ba.

Ni tsohon akawu ne, na buga tafireta har idona ya gaza. Mai ɗakina ta rasu bara waccan, Allah ya jiƙanta. Yanzu daga ni sai sandata a gidan. Babban ɗana yana wani gari da iyalinsa, autar kuwa aure ya kai ta nesa, inda sai an hau jirgi. Da ta zo ganina ta sayo mini wata 'yar na'urar intanet mai ƙaho biyu, wai rauta, ta koya mini kiran da ake ganin fuska. Tana nan komai lafiya lau. Tana tafiya abin ya lalace.

Muna cikin hira sai fuskarta ta daskare, baki buɗe, murya ta kakkarye, sai ɗif. In yi ta magana ni kaɗai a falo kamar taɓaɓɓe. Rannan jikata na nuna mini giɓinta sai kiran ya katse. Yanzu ta daina zuwa gaishe ni a waya, wai Kaka kashe mata waya yake yi. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Kuma ba sakaci na yi ba. Mu an koya mana na'ura amana ce, ba a barin ta a tsirara. Da na ga yarinyar ta bar ta haka nan a kan tebur, sai na kwantar da ƙahonin, na sa ta cikin kabad ɗina na ƙarfe a uwar ɗaka, na lulluɓe ta da ƙyallen da marigayiya ta saƙa wa rediyonmu, na rufe, wayar wutarta kawai ta leƙo. Kamfanin intanet ɗin sun ce in kashe in kunna. Na yi har yatsana ya gaji.

Makon jiya kiran ya katse ina tsakiyar tari. Autar ta ɗauka faɗuwa na yi, ta kira yayanta tana kuka, aka turo maƙwabcina tela ya yi ta dukan ƙofa. Yanzu sun haɗa baki: in ba za a riƙa samuna ba, sai in tattara in koma gidan babban. Surukata mutuniyar kirki ce, ba ita nake gudu ba. Amma a ɗakin nan aka rufe idon matata, mayafinta na nan a ƙusar da ta rataye shi. In na fita, wa zai zauna da ita? Ba zan ɓoye maka ba, ƙafafun ba kamar da ba, na taɓa zamewa a banɗaki, ban gaya wa kowa ba. Me zan yi wa na'urar nan kada ta raba ni da gidana?

Naka, Tsohon Akawu

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta.

Mu fara da mai sauƙin. Rauta ba tafireta ba ce, ita sarari take so. Ƙarfen kabad yana tare saƙonta, ƙyalle kuma yana sa ta zafi, in ta yi zafi sai ta katse. Ka fito da ita yau, ka miƙe ƙahonin tsaye, ka ɗora ta a wuri mai ɗan tudu a falon da kake zama, nesa da firji da talabijin. Ka duba filogin ya zauna daram a soket. In bayan haka fitilarta tana komawa ja, to laifin daga kamfani ne, ka ce su turo ma'aikaci. In ɗauke wuta ke kashe ta, akwai ƙaramin batir da ake haɗa mata.

Sai mai wuyar. Yaranka ba korar ka suke yi ba, Baba, tsoro suke ji, kuma zamewar nan ta nuna suna da hujja. Kai ma kana da taka: raba tsoho da ɗakinsa ba ƙaramin abu ba ne. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka gaya musu ka zame, ka kuma zo musu da tsari: a kafa maka ƙarfen dafawa a banɗaki, tela ya riƙe makulli ɗaya yana leƙo ka da safe, in bidiyo ya katse su kira ka ta layin waya kafin hankali ya tashi.

Ban ce ranar komawa wurin ɗanka ba za ta zo ba. In ta zo, ta zo da shawararka, kana kallon fuskokinsu, ba an yanke a bayan idonka ba. Allah ya ƙara lafiya, ya bar ka a gidanka muddin zaman alheri ne.