Sunan Nafi'u Bai Fito Ba

Daren Laraba, Suleja

Yau wasan bidiyon da Nafi'u ya yi wa zane ya fito. Tun da jikan nan nawa ya tafi Japan nake jiran wannan rana. Don murna na ja maƙwabcina Bitrus muka je shagon wasa na bakin kasuwa. Mai shagon ya ce a ƙarshe sunayen ma'aikata suke fitowa, ya nemo mana wurin.

Na sa tabarau, ina bin sunayen da yatsa yadda aka koya mana a ajin yamma. Suka ƙare, babu nasa. Na sa aka maimaita, babu dai.

Na buga wa Nafi'u waya. Ya ce, "Haba Kaka, ai kamfaninmu kwangila yake yi wa wasu. Ko sunan kamfanin ba a sawa, haka tsarinsu yake. Amma ka duba dutsen da ke bayan garin cikin wasan da kyau."

Na duba. Dutsen Zuma ne, namu na nan kusa da Suleja, har da siffar fuskar mutum ɗin nan da ke jikinsa.

Bitrus ya yi ta tafi, ni kuwa na kasa. Da furfurata na koyi karatu. Sunan yaron nan kawai na so in karanta da bakina.