Ɗan Hajiya ya goge, ni aka kira jahili

Malam, a taimaka mini da shawara, aikina na shirin kuɓuce mini.

Shekarata huɗu ina buga takardu a wani shago kusa da makarantar Poli a Kaura Namoda. A firamare na tsaya, amma ban taɓa ɓatar da shafin kowa ba. Sai ga Magaji, ɗan Hajiya mai shagon, ya dawo da difloma da tabarau. Ya ce aikinmu na ƙauye ne. Ya haɗa kwamfutar shago da laftof ɗinsa ta ma'ajiyar intanet, wai abin da ke nan yana can. Tun ranar fayil ya koma hoto: ga sunansa kana gani da ɗan girgije a gefe, amma in babu sabis ba ya buɗuwa. A Kaura kuwa sabis baƙo ne. Na yi shiru, tunda mai difloma ya yi magana.

Makon jiya laftof ɗinsa ta cika da finafinai, sai ya share fayilolin shago daga can, a zatonsa kwafi ne. Da safe na ga suna ɓacewa a gabana ɗaya bayan ɗaya. Ciki har da aikin kammala karatun Mardiyya, wata ɗaliba daga Zurmi, shafi saba'in, ranar Litinin za ta miƙa. Hajiya ta ce jahilcina ne, in aikin bai fito ba in nemi wani wuri. Gwanin namu yana tsaye yana gyara tabarau, ko tari bai yi ba. In tona shi, ko in haɗiye?

Mai haƙuri, Kaura

Mai haƙuri, wanda ya bari a kori wani kan laifinsa, diflomarsa ba ta koya masa komai ba. Amma kai ma da naka: ka ga ramin tun ranar farko, ka tsaya kana jiran Magaji ya faɗa ciki, ko filash na ajiye kwafi ba ka saya ba. Wannan ba haƙuri ba ne, raini ne, kuma Mardiyya ce ya kayar.

Galibi abin da aka goge yana zama a kwandon sharar ma'ajiyar kamar wata guda. Ka ja Magaji gefe yau, ku buɗe tare, ku dawo da fayilolin. Sannan ka umarci kwamfutar ta riƙa ajiye su a cikinta, ka kuma kwafa a filash. Ka kira Mardiyya ka faɗa mata halin da ake ciki, ta zo da rubutunta na hannu ko da an rasa.

Ka ba Magaji zuwa Juma'a ya gaya wa mahaifiyarsa da bakinsa. In ya ƙi, ka faɗa mata a gabansa, cikin ladabi, ba ƙari. Rufa asirin wani ba ya wajaba in zai raba ka da abincinka.

Allah ya fito da aikin, ya wanke ka.