Na Raba Zagin Gida Biyu

Suleja, 3 ga Mayu, 1979

Zuwa ga Yaya Asibi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya a Garam.

Yaya, an hana ni takarar majalisar jiha. Ni na tara wa jam'iyya mata unguwa-unguwa, amma a taro Alhaji Bamalli ya miƙe ya ce, "Mace, kuma Bagwariya mai ɗaukar kaya a kafaɗa, ita za ta ɗauki jama'a?" Aka yi ta dariya, har da mijina Tanimu. Aka ba Bamalli takarar.

Yanzu wai in shiga masa gidajen kulle neman ƙuri'a, tunda namiji ba ya shiga. Na ce to. Wallahi sai ya gane kurensa.

Ƙanwarki,
Lauratu

Garam, 20 ga Mayu, 1979

Lauratu,

Mun gode Allah, muna amsawa. Wannan "to" ɗin naki na san shi tun kina yarinya, kuma yana ba ni tsoro. Tanimu a ƙarƙashin Bamalli yake cin abinci, ki tuna da aurenki. Nan gida ma kada ki sa rai da goyon baya. Matanmu cewa suke kin zama Bahausa, a ka kike ɗaukar kaya yanzu. Ki haƙura.

Yayarki,
Asibi

Suleja, 18 ga Yuni, 1979

Yaya,

Ina gaisuwa. Haƙuri kam na ƙi.

Ban yi wa Bamalli ƙarya ko ɗaya ba, zaginsa kawai na raba gida biyu. A gidajen kulle na maimaita abin da ya ce kan mace, na haɗiye sauran. A kasuwar Madalla na faɗa wa matanmu da Gwaranci abin da ya ce kan kafaɗarsu. Wata tsohuwa ta sauke itacenta, ta miƙo mini babban yatsa, ta ce in nuna mata inda ake dangwala wa abokin hamayyarsa.

Shi kuwa kullum sai ya sa mini albarka, ni kuma in durƙusa in ce amin.

Taki,
Lauratu

Suleja, 30 ga Yuli, 1979

Yaya,

Bamalli ya faɗi, kuma ya gano dalili. Jam'iyya ta kore ni, Tanimu ya sallame ni. Ina tafe ranar Asabar.

Ki shimfiɗa mini tabarma, amma kada ki yi mini jaje. Rabona da barci mai daɗi irin na jiya tun watan Mayu.

Wassalam,
Lauratu