Akun Roba Ya Kira Sunanka

Assalamu alaikum Malam,

Ya kwanciya? Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba karanta wannan takarda za ka yi ba. Ni ma da nake faɗa Malama Hadiza maƙwabciyarmu tana rubutawa ba iya karanta ta zan yi ba, ka ga mun yi daidai.

Gida lafiya lau. Gwandar da ka dasa ta yi 'ya'ya bana, ba zaƙi ko kaɗan. Indararon soro na nan yadda ka bar shi yana zuba a kan mutane. Amma ba wannan ya sa na zaunar da Malama ba. Laifi na yi maka.

Bayan rasuwarka matar babban ɗanmu ta haifi namiji, aka mayar da sunanka. To wa zai kira? Ubansa Abba yake ce masa, uwarsa ta ce Baba Ƙarami, ni kuwa Maigida. Yaro ya shekara uku bai taɓa jin sunansa na yanka ba. Aka kai shi makarantar boko ta yara a Gwammaja. Malamarsu ta yi ta kiran suna, shi yana can yana cin gyaɗarsa. Sati biyu ana haka, sai ga takarda wai a kai shi likitan kunne, in kurma ne ba za su iya riƙe shi ba. Kurma fa! Yaron da in na buɗe ledar alewa a ƙuryar ɗaki yake jiyowa daga zaure? Uwarsa ta wuni tana kuka.

Na yafa mayafi na tafi kasuwa neman abin wasan da zai koya masa. Malam, da ka ga kayan wasan yaran yanzu! Ina motar kara da kake ƙera wa namu, ina 'yar tsanar ƙashi. Mai shagon ya fito min da bindiga mai walƙiya, na ce gidanmu ba bariki ba ne. Ya kawo wasu 'yan katakai masu baƙaƙen boko, wai suna buɗe ƙwaƙwalwa. Wa zai nuna masa, ni? Ya kawo jirgin ƙasa mai kuka, na tuna hawan jinina. Can sai ya ɗauko wani koren aku na roba. Ka danna cikinsa ka yi magana ya haɗiye, ka danna bayansa ya amayo maka ita. Ya ce in faɗi sunan ya saka min. Na buɗe baki, na rufe. A tsakiyar kasuwa? Na ce ya ƙunshe min kawai.

A gida na miƙa wa ɗanka, ya tuna wai ana jiransa a kasuwar Kwari. Na miƙa wa matarsa, ta rufe fuska ta shige kicin. Ga Malama Hadiza nan, katanga ɗaya ce tsakaninmu, da na ba ta da ta faɗa ba ko gezau. Ban ba ta ba. Ka san me ya sa? So nake ni in faɗa. Shekara arba'in da wani abu ina ce maka Malam, ina ce maka "shi", ina ce maka mai ɗakin nan. Ban taɓa jin yadda sunan yake a bakina ba.

Da hantsi, gida ba kowa, na sakaya ƙofa na zauna bakin gado. Karon farko tari kawai akun ya kama. Na biyu a'uziyya. Na uku ya fito. Na danna bayansa in ji, sai ga wata murya siririya kamar ta amarya ranar buɗar kai. Ni ce wannan? Na tura shi ƙarƙashin filo na fita tsakar gida ina fifita, kamar wadda ta saci nama a tukunya.

Niyyata in ba yaron mu biyu a ɗaki. Ashe ya riga ya gano maɓoyar. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ƙaninka Alhaji Sule ya zo cin tuwo da abokansa biyu, ga ɗanka, ga surukata tana zuba miya. Maigida ya fito da aku a hammata ya danna. Muryata ta cika gidan nan da sunanka, har sau uku.

Yaron da ya ji muryata ce, ya waiwayo ni ya amsa da na'am.

Uwarsa ta saki ludayi. Alhaji Sule ya yi dariya har hularsa ta faɗa cikin miyar kuka. Ka san bakinsa. Yanzu duk unguwarmu ta Koki an ji, in na wuce mata sai su riƙa gyaran murya. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ban ce ba ni ba ce.

Makaranta sun janye takardarsu. Jiya aka kira shi a aji, ya miƙe har da ɗaga hannu.

Ka yafe min rashin kunyar, Malam. Ko da yake, tsakani da Allah, ba ka taɓa so ka ji ba? Ko sau ɗaya? Batirin akun ya mutu shekaranjiya, kowa a gidan ya yi hamdala. Ni kuwa na aika an sayo min sabo.

Sai mun iso. Allah ya sada mu a Aljanna, in kira ka da bakina, in ba mutane a wajen.

Taka har kullum,
Hajjo, kakar Maigida