Ta'aziyyar Antin Ɓeraye, Mai Kula da Rumbun Bayanai

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Ɗalibai Masu Sha'awar Kimiyya ta makarantarmu ta samu labarin rasuwar uwa kuma malama a gare mu, Dakta, shugabar sashen rumbun bayanai na cibiyar binciken ƙwaƙwalwa, wadda muke kira Antin Ɓeraye a bayan idonta, ashe ta sani. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ta shafe shekaru tana kula da wannan rumbu na kwamfuta, inda ake adana dubban hotunan ƙwaƙwalwar ɓera da aka yanka siriri kamar ɓawon albasa, kowane hoto na nuna ƙwayar gadon da ke aiki da sashen da take aikin, masu bincike na kusa da na nesa suna ɗiba. Ƙa'idarta ita ce hoto ba ya shiga rumbu sai an rubuta sunan wanda ya yanka, da wanda ya rina, da wanda ya ɗauka, har mu ɗalibai masu zuwa aikin hutu muna goge gilashin gwaji. Gurbin sunanta kuwa ba ta taɓa cike shi ba. Ƙungiya na roƙon hukumar cibiya, cikin girmamawa, a cike mata shi.

A gafarce ni, zan sa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni ba kimiyya ce ta kai ni wurin ba, lungun bayan na'urori nake so, in ɓuya in karanta littattafan soyayya. Ta gan ni, ba ta tona ni ba, sai ta nuna mini wani hoto mai ɗigo-ɗigon shuɗi kamar taurari, ta ce a nan uwar ɓera ke gane kukan 'ya'yanta. Ranar ban ƙarasa babin ba.

Ga Inna, mahaifiyarta, wadda Dakta ta ce kullum tana mata tsiya wai duk karatun nan a ɓera ya ƙare, da maigidan marigayiya da 'ya'yanta: Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta.

Shugaban ƙungiya ya ce a liƙa takardar nan a allon sanarwa. To amma Inna ba ta zuwa makarantarmu, idonta ma ya daina ganin rubutu, kuma har yau ba wanda ya gaya mata ainihin aikin da 'yarta take yi. Don haka gobe ni zan kai mata har ɗaki, in karanta mata da bakina.

'Yar Lungu, kamar yadda marigayiya ke kira na,
Sakatariya, a madadin Ƙungiya