Kun Shirya, Kun Bar Ni da Sa Guda

Zuwa ga Gwani, mawaƙin da na fifita a kan kowa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan amshi da masu riƙe maka waya. Ba zan ambaci sunanka ba, domin duk wanda ya san ni a Tambuwal ya san wa nake nufi. Hotonka na nan manne a tankin babur ɗina, rana ta cinye maka rabin fuska amma ban ɓamɓare ba.

Sunana Sahabi, malamin firamare ne ni. Asalina mutumin Kebbe ne, aiki ya kawo ni Tambuwal, amma gonar gadonmu tana can. Na zaɓi in rubuto maka a fili ne saboda saƙonnin da na tura maka ta waya ba su samu amsa ba, sai dai ɗaya, wanda wani yaronka ya mayar mini da hoton babban yatsa.

Na farko, ya kamata ka san wanda ka raba ni da shi. Ummaru aminina ne tun muna satar mangwaro, kuma yayan matata ne, Asabe. Gonarsa na jikin tawa. Shekarun baya muka haɗa ƙarfi muka sayi shanun huɗa biyu, ɗaya nawa ɗaya nasa, karkiya ɗaya, garma ɗaya. Shi ke kiwonsu a Kebbe. Idan ruwa ya sauka a huɗe tasa a huɗe tawa, ba mu taɓa musu a kan wadda za a fara ba. Aibinsa guda ne a duniya: yana son waƙar abokin hamayyarka, wancan mai baƙin tabarau. Na daɗe ina haƙuri da wannan, kamar yadda ake haƙuri da ɗan'uwa mai minshari.

Na biyu, ku ne kuka fara. Bayan girbin bara Mai Tabarau ya saki waƙar habaici, ya ce wani da ya sani ba ya iya rera baiti sai inji ya miƙe masa murya. Kowa ya gane da kai yake. Ba ka yi ƙasa a gwiwa ba, ka mayar masa da martani, ka ce akwai mai rufe ido da tabarau don kada ya haɗa ido da masu kiɗan da ya sata. Ranka ya daɗe, ranar ban ci abincin rana ba saboda murna. Ka kuma fito a bidiyo ka ce masoyanka na gaskiya su tsaya maka. Ni kuwa na ɗauka da ni kake. Na tsaya maka a teburin mai shayi, na tsaya maka a ofishin malamai, na tsaya maka a zauren hirar waya na 'yan ajinmu har aka cire ni, aka mayar da ni, aka sake cire ni.

Na uku, abin da ya faru ranar suna. Matar Ummaru ta haihu, muka tafi Kebbe da Asabe. An yanka rago, an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun yi addu'a sun watse. Sai Ummaru ya sa aka kunna lasifika, kuma ba wata waƙa ya zaɓa ba sai wannan ta injin miƙe murya. Ta ƙare ya sa aka maimaita. Ta sake ƙarewa ya dube ni yana murmushi, ya sa aka sake. Ni baƙo ne, kuma suruki, don haka na daure har aka kawo tuwo. Da na ga za a sake sa waƙar ina tsakiyar loma, sai na tashi cikin natsuwa na zare wayarsa na jona tawa. Allah ya sa lasifikar na da ƙarfi, martaninka ya kai har bakin kasuwa.

Masu cewa na ture ƙwaryar fura da gangan ba su yi mini adalci ba. Igiyar lasifika ce ta harɗe ta, lokacin da Ummaru ke jan ta ta can ina jan ta ta nan. A gaban jama'a ya ce wai wanga gwani nawa ko tunkiyar gidansa ta fi shi murya in ta ji yunwa. Na ce masa wanda kunnensa ya lalace haka bai cancanci ya riƙe mini dabba ba. Magana ce irin ta fushi, kowa na yin ta. Ban zaci zai ɗauke ta da nauyinta ba.

Ranar kasuwa ta gaba na dawo daga makaranta na tarar da a-kori-kura a ƙofar gida, ana sauke mini san nan nawa, Ummaru ya aiko da shi.

Na huɗu, halin da nake ciki. Gidan haya nake, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. A nan san yake ɗaure, jikin bishiyar zogalen Asabe, ko in ce inda zogalen yake a da. Ya cinye shi har saiwa. Ya ci zanen matar maƙwabcina a kan igiya, ya tauna kujerar babur ɗina. Ba ya barin kowa ya runtsa saboda kukan neman ɗan'uwansa, kuma labari ya iso mana cewa na Ummaru ma can ya ƙi cin harawa, sai ramewa yake yi. Asabe ba ta goyi bayan kowa ba. Ta dai daina yi mini magana sai ta bakin yara, kuma kullum da safe takan ƙure wa'azin hukuncin mai yanke zumunta, ta ajiye rediyon daidai tagar ɗakina.

Da hadari ya fara haɗuwa na ce ba za a yi mini dariya ba. Na aro jaki da garma, na haɗa shi da san, na ce bari in gwada a filin bayan makaranta kafin in kai su Kebbe. Sa ya yi gabas, jaki ya tsaya yana tunani, daga baya ya yi arewa. Kunyar da muka fitar ta yi kama da sawun maciji. Ɗalibaina na kan katanga suna kallo, kuma tun ranar idan na ja layi a allo ya ɗan karkace sai in ji wani daga baya ya yi kukan jaki.

Duk wannan na shanye shi, domin ina ganin a kan gaskiya nake wahala.

Na biyar, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Makon jiya ina ofishin malamai, hedimasta da kansa ya miƙo mini wayarsa. Sai ga ka, kai da Mai Tabarau, a kan darduma ɗaya, hannunku cikin faranti ɗaya, har kana yago masa cinyar kaza. Kuka ce dama raha ce irin ta abokai, kuna gaisawa kullum. Aka tambaye ka batun masoyan da suka ɓata da juna a kanku, ka yi dariya ka ce ai waɗannan marasa aikin yi ne. Ranka ya daɗe, ina koyar da aji biyu, ina noma, yanzu kuma ina kiwo. Ashe kura ce da shan bugu, gardi da amshe kuɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waƙar haɗin gwiwar da kuka saki ta yi daɗi. Na saurare ta don in samo mata aibi, na wayi gari ina rera ta ina ba sa dusa.

Asabe ta aiko ƙaramar ɗiyarmu ta faɗa mini cewa Ummaru ma ita yake ji. Amma ya rantse ba zai fara kira ba, tunda a gidansa aka zubar da fura. Ni kuma an kwatanta gwanina da tunkiya a gaban surukaina mata. Ga ruwa ya sauka, maƙwabtanmu sun huɗe sun shuka, gonakinmu biyu ne kawai ke kwance sai ciyawa.

Don haka ga buƙatuna. Ka janye maganar marasa aikin yi, a fili kamar yadda ka faɗe ta. Idan kuma za ku sake faɗa, ku sanar da mu tun farko ko na gaske ne ko na talla, kuma ku yi shi da rani ku gama kafin damina.

Buƙata ta ƙarshe ita ce babba. Na san kana ambaton manya a waƙa, masu ofis da masu motoci. Ina roƙon ka saka mutum biyu a baiti guda: Ummaru na Kebbe da Sahabi na Tambuwal, ka ce ku da kanku kun umarce su su shirya. Ta haka babu wanda ya fara kira, kowa biyayya ya yi wa gwaninsa. Na yi kwanaki ina tunanin sunan da ya kamata ya zo farko. Ta fuskar gaskiya nawa ne. Amma na san halin mutumin, idan ya ji sunana a gaba kashe wayar zai yi kafin a kai ga nasa. Ka fara da Ummaru. Na yafe.

Allah ya ƙara basira, ya tsare maka muryarka, da inji ko ba inji. Allah ya ba ka masoya masu sanyin zuciya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka har yanzu,
Malam Sahabi,
Tambuwal.