Fitilar Shawara a Ɗakin Umma

Zaitawa, Kano
Litinin

Assalamu alaikum Yaya Sa'ida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya aikin asibiti? Na kira ki ya fi sau goma ban samu ba, na san halin ƙauyen nan naku da rashin sabis. Shi ya sa na ba Malam Isyaku direba wannan takarda.

Yaya, jaririyar shawara gare ta. Jiya ina ba ta nono na ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Na danna goshinta da yatsa, wurin ya fito rawaya. Umma ta ce a shanya ta a hantsi. Hajiya 'Yardada, kakarta ta wajen uba, ta aiko da jiƙon ganyen gwanda da gulukos. Na karɓa na gode, ban ba ta ba. Yau da safe na yafa mayafi da ɗanyen jegona, Baban yarinyar ya tare mana a-daidaita-sahu, Umma tana bin mu da faɗa har zaure.

An ɗebi jini a diddigenta, lambar awon shawarar ta nuna sha biyar. Likita ya ce ba ta kai ta kwanciya ba, amma ba a bari haka. Suka ba mu aron fitila mai shuɗin haske mu yi a gida, bisa sharaɗin nas ɗinsu, Malama Safiya, za ta zo kullum ta auna. In ta kai sha takwas, sai asibiti, babu musu. Babanta ya kwaso batir da sola daga shagonsa ya haɗa a ɗakin Umma, don kada ɗaukewar wuta ta katse mu.

Ga damuwata: ran Alhamis suna. Hajiya ta ce ba za a yi taron jikarta tana kwance tsirara da ido a ɗaure ba. Ni kuma ba zan kashe fitilar nan ba.

Ƙanwarki,
Bahijja

*

Talata

Wa'alaikumus salam Bahijja,

Allah Ya raya, Ya ba ta lafiya. Kin yi daidai, kuma kin yi da wuri. Da zan iya da na biyo motar nan, amma ni kaɗai ce ungozoma a nan, ga mata biyu cikinsu yau ko gobe.

Ki ji da kyau. Idonta a rufe muddin fitila na kunne. Banda nafkin kada ki sa mata komai. Nono duk bayan awa biyu, ko barci take ki tashe ta, ta gama ki mayar. Jiƙo da gulukos a'a. Hantsi ba ya isa, sai dai ya ƙona ta. In akwai kafur a akwatin kayanta, a fitar, a wanke kayan, don yana ƙara shawara. Wanzami ya jira. In ta ƙi kama nono, ko kukanta ya yi tsini, ko ta banƙare, kada ki jira Malama Safiya, ki ɗauke ta ki ruga asibiti.

Maganar suna, ke kaɗai ba za ki iya da Hajiya ba, surukarki ce. Umma kike buƙata. Ki karanta mata wannan layin yadda na rubuta shi: Umma, ki tuna Nana Hauwa. Ba ki san sunan ba. Ina da shekara shida lokacin, kuma tun daga nan ban ji an ambace shi a gidanmu ba. Allah Ya yafe min in na fama mata ciwo.

Yayarki,
Sa'ida

*

Zaitawa
Laraba

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa. Jiya lambar ta hau sha shida. Malama Safiya ta ce kan yi haka, mu ci gaba. Hajiya ta zo da yamma, ta leƙa, ta ce, "To ga injin naku, ƙaruwa ma take." Na gyara wa yarinya abin da aka ɗaure mata ido da shi.

Da ta tafi na karanta wa Umma layin naki. Tana dama min kunun kanwa, sai ta ajiye ludayin. Can ta ce, "Tsakaninku na haife ta. Ran kwana uku idonta ya yi haka. Na shanya ta, na ɗura mata duk abin da aka kawo. Aka yi suna, gida ya cika. Kwana biyu da suna ta sanƙare a hannuna. Aka ce min iska ce, na yarda."

Na ce, "Umma, ba ki sani ba ne."

Ta ce, "Yanzu ai na sani."

Ta tashi ta zazzage akwatin jaririya a tsakar gida, ta tsince kafur ɗaya bayan ɗaya, ta wanke kayan da hannunta, ta hana kowa taya ta. Jiƙon kuma ta tuttular a rariya. Yau lambar tana nan a sha shida, ba ta hau ba. Gobe suna. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Bahijja

*

Zaitawa
Juma'a

Assalamu alaikum Yaya,

An raɗa suna, Maryam. Da kin ga Umma jiya! Tabarma ta shimfiɗa a bakin ƙofar ɗaki ta zauna ta miƙe ƙafa. Duk wadda ta zo, ta ce mata, "Ga taga can, a leƙa a sa albarka." Wasu suka yi dariya, wasu suka zumɓura baki, na ji wata tana cewa mun mayar da 'yar mutane ɗan tsako.

Hajiya ta iso da ƙawayenta, da riga mai kyau da ta ɗinko wa yarinya. Ta ce wa Umma, "Dije, ni za ki hana ɗaukar jikata a gaban jama'a?"

Umma ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ni na taɓa yin sunan da kowa ya ɗauka ya yi guɗa, bayan kwana biyu na miƙa ta aka kai makwanci. Wannan a kalle ta daga nan."

Hajiya ta tsaya da rigar a hannu, na ce shi ke nan, zuciya za ta yi ta tafi. Sai ta cire takalmi ta ce wa Umma, "Matsa min." Ta zauna a tabarmar. Da lokacin nono ya yi na ciro Maryam, ta gama sha, na ɗora wa Hajiya ita a cinya. Ko minti biyu ba a yi ba ta ce, "Ungo, mayar da ita, kada a ɓata aikin."

Jiya sha uku, yau sha ɗaya. Malama Safiya ta kashe fitila da hannunta, ta ce gobe za ta sake aunawa don a tabbatar. Na kwance abin idon, yarinya ta yi ta ƙifta min ido, farinsa ya fara dawowa. A nan ne na yi kukan da na riƙe tun Lahadi.

Ƙanwarki,
Bahijja

*

Zaitawa
Lahadi

Zuwa ga babbar yarinya,

Bayan sallama. Ni ce da hannuna, ki yi haƙuri da rubutun. An sake aunawa, ba ta hau ba. Alhamdulillahi.

Abin da kika rubuto ya yi min zafi. Na yafe, kuma Allah Ya yi miki albarka.

Jiya na je barka gidan Indo 'yar ƙawata a Dala. Na buɗe idon yaron na gani, ya yi ruwan ɗorawa. Suka ce za su shanya shi a hantsi. Ban zauna ba, ban sha ruwansu ba, sai da na ga uwar da ɗan a cikin a-daidaita-sahu sun nufi asibiti. Kakar ta ce na cika shisshigi. Na ce e.

Ran Talata akwai wata barkar a Ƙofar Ruwa. Zan je.

Wassalam,
Mahaifiyarki